Sarkin Kwaɗi na Bayan Gidan Famfo

Albasa uku ce alherin farko da matar tela ta gani a hannun Sarkin Kwaɗi, ita ma da zagi ya haɗa mata.

Lokacin ba ta daɗe da rasa mijinta ba. Ruwan farko ya zaizaye bakin fadamar da ke bayan layinsu, ya tono wasu fararen kawuna manya-manya, kowanne ya kai dunƙulen hannu. Ta ɗauka albasa ce wani ya shuka ya manta. Ta tsuguna tana tsinta a kwano, sai ta ji tsawa a kanta.

"Ke! Ajiye! Mijin bai ishe ki ba, sai kin bi da 'ya'yan?"

Wani tsoho ne dogo, siriri kamar muciya, wandonsa a naɗe har gwiwa. Ya fizge kwanon, ya mayar da kawunan cikin laka ɗaya bayan ɗaya, yana danna ƙasa da babban yatsa yana mita. Ta koma gida tana kuka. Bayan la'asar ta ji an buga ƙofa da sanda. Tana buɗewa sai albasa uku suka gangaro gabanta.

"Wannan ake ci," in ji shi. "Waccan ta kwaɗi ce, dafi ce. Ko akuya ta san ta kauce mata."

Bai tsaya jin godiya ba.

Shekara goma sha tara ke nan. Yau abin da ya rage na fadamar bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, a bayan katangar matar tela, cikin filin da mijinta ya bar mata. A kan wannan ɗan wuri ne ita da babban ɗanta, wanda kowa ke kira Direba saboda tifar da yake ja, suka kai ga ba ya cin abincin gidanta.

Tsohon ba ɗan unguwar ba ne. Ya zo ne yana saurayi cikin leburorin da suka binne bututun ruwa, da aka gama aiki aka bar shi yana kula da injin gidan famfo. Shekara talatin da wani abu ya yi a ɗakin nan mai warin baƙin mai, yana goge inji da tsumma, yana kasa kunne ga ƙararsa kamar mai jinyar jariri. Matarsa ta gaji ta tafi. An ce ta ce gara ta zauna da injin, shi ko ba komai yana amsawa in an taɓa shi. 'Ya ɗaya suka haifa, ta yi aure a nesa. Da ya bar aiki bai bar wurin ba. Ya kama ɗaki a jikin gidan famfon, ya mai da fadamar gidansa. Mutanen layi suka sa masa Sarkin Kwaɗi don su ƙular da shi. Ya karɓi sarautar, ya ce talakawansa sun fi su hankali.

Kada a yi masa ƙarya don ya mutu: ba shi da daɗin zama. In ka gaishe shi sai ya dubi ƙafarka tukuna, ya ga abin da ka taka. Ya taɓa bin wata mai wanki da sanda har bakin titi don ta zubar da ruwan sabulu a kududdufi. Ya taɓa kwashe sharar da mai shayi ya zuba a fadama, ya kai masa ita kan tebur, tsakanin burodi da gwangwanin madara. A sahun salla ma ba a son tsayawa kusa da shi, don ana sallamewa zai juyo ya tambaye ka ina ka ɗaure tunkiyarka.

Ta ƙaramar tagar ɗakin ɗinkinta matar tela ke hango shi, tana taka keken da mijinta ya bari. Daga nan ta fahimci abin da sauran ba su tsaya sun gani ba. Fure uku yake tsaro, kuma kowanne da ɗakinsa. A tsakiya, inda ruwa ke kwance ba ya gudu, nan bado yake, ganyensa shimfiɗe kamar faifai, farin furensa ya buɗe da sanyin safiya, da hantsi ya rufe baki. A gefe, inda ruwa ke tsayawa da damina, ƙasa kuma ta tsage da rani, nan albasar kwaɗi take: fure fari mai jan zane a tsakiyar kowane kunne, ya tashi da yamma da ƙanshinsa, kashegari ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yi wa faɗa. A tudu kuwa, cikin yashi, ƙarƙashin sarƙaƙiya, nan gatarin kurege yake hawa. Bakin ganyensa ne ke lanƙwashewa ya kama ƙaya, furensa ja da rawaya, kunnuwansa a tashe baya kamar harshen wuta a iska.

Wata rana ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi ta kan katanga, "Baba, wai wa ya shuka su?"

"Wanda ya shuka ki."

Ta ce, "Allah mai iko."

"To ki gaya wa maƙwabtanki. Su sun ɗauka Mai Bulo ne mai iko."

Mai Bulo shi ne babban abokin gabarsa. Wurin buga bulonsa na bakin fadamar, kuma ya daɗe yana cewa a cike ta a jera shaguna. Duk layin suna bayansa, ba kuma don mugunta ba: sauro ya dame su, da damina ruwa na shiga zaure. Da rani ya yi tsanani ya kawo masu awo daga ofis. Suka tarar da busasshiyar ƙasa da tsagaggiyar laka, ba ganye ba fure, sai ɓaraguzan tangaran da tsohon ya kakkafa don ya san inda kowane kai yake kwance.

"Ina furannin, ranka ya daɗe?" in ji Mai Bulo, yana ƙyafta wa masu awo ido. "Ko sun tafi ganin gida?"

"Barci suke yi. Kai ma in ka kwanta sai a zuba maka siminti?"

"Ku ji fa. Ni dai tangaran nake gani, kamar wurin binne asiri."

"Asirin da ya hana bulonka tsayuwa? Wannan ba ni ba ne, yashin da kake cikawa ne."

Aka yi dariya, amma masu awo suka rubuta cewa fili ne da babu komai a cikinsa. Tun daga ranar mata suka riƙa janye mayafi in tsohon ya wuce.

Ana haka ɓarin jikinsa ya shanye. 'Yarsa ta zo ta kai shi asibiti, ya yi sati shida a can. Mai Bulo bai ɓata lokaci ba, ya ba Direba aikin jido ƙasa. Matar tela ta tare ɗanta a tsakar gida yana wanke hannu.

"Kai wannan, mutum na kwance za ku ci masa amana?"

"Inna, wace amana? Filinsa ne? Mutumin da ya ce miki mijinki bai ishe ki ba?"

"Ni ya faɗa wa, ba kai ba."

Direba ba mugu ba ne, kuma ba ya son ganin ran uwarsa a ɓace. Sai ya yanke shawarar da yake gani ta raba gardama. Ya tara abokansa, suka bi tangaran ɗin nan da shebur, suka haƙo duk abin da suka samu. Suka nemo bokitan fenti ashirin da wani abu, suka cika su da baƙar ƙasa da taki mai kyau, suka jera a inuwar gidan famfo. Har mai shayi ya kawo bokiti biyu. Mutanen da ba su taɓa yi wa tsohon fatan alheri ba suka shiga zuba wa bokitan ruwa safe da yamma, cikin tsakiyar rani, kowa na jin ya yi abin kirki. Matar tela ma ta zuba. Wannan ba ta ɓoye shi.

Ranar da aka sallamo tsohon, fadamar ta riga ta zama jan fili, an fara jera bulo. Aka turo shi a keken marasa lafiya har gaban bokitan, mutane suka taru a ga yadda zai yi murna.

"Ga su nan, Baba," in ji Direba. "Ko ɗaya ba mu bari ba."

Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya sa hannunsa mai lafiya cikin bokitin farko, ya zaro kan albasa. Ta narke a tafinsa, wari ya tashi. Ya laluba na biyu, ya fito da saiwar gatarin kurege, wadda take a lanƙwashe kamar ɗan gatari, shebur ya karya ta daidai inda take tsiro. A na uku bado ne, an binne shi a taki kamar dankali.

Bakinsa ya karkace, maganar ba ta fita sosai, amma kowa ya ji.

"Na cikin ruwa kun sa shi a tudu. Mai barci kun shayar da shi har ya ruɓe. Da kun zuba musu simintin da ya fi mutunci."

"Au, wannan ce godiyar?" in ji mai shayi. "Ruwan da na saya da kuɗina!"

"Ka zuba a shayinka, ka saba."

Direba ya harbi bokiti ɗaya da ƙafa. "Dama an ce kada a yi. Tsohon banza, wanda ko matarsa ba ta iya zama da shi ba."

"Ita ta san abin da ta bari. Kai ko sunan abin da ka kashe ba ka sani ba."

Aka watse ana tsaki. Bayan wata guda ya rasu. Waɗanda suka raka shi ba su cika sahu biyu ba. Allah ya gafarta masa, ya gafarta mana.

Tifa ba ta taɓa bayan katangar matar tela ba, don filin nata ne, kuma masu shebur ba su kai can ba saboda ƙaya. Wurin yana da ɗan kwari inda ruwan indararo ke taruwa, da ɗan tudu mai sarƙaƙiya. Bado ya tafi, babu ruwan da zai riƙe shi. Amma da damina ta sauka albasar kwaɗi ta fito guda bakwai, gatarin kurege ya hau ƙayarsa.

Yanzu shaguna sun kewaye wurin, Direba kuma yana son ya gina nasa a nan, ya huta da hanya. Bayansa ya fara ciwo, ga iyali. Uwarsa ta san duk wannan, ta san kuma yana da gaskiyarsa. Ranar da ya zo da magini da igiyar awo, ta ɗauko kujerarta ta tsugunno ta ajiye a bakin wurin, ta zauna da carbinta.

"Inna, tashi mana. Mutane na kallo."

"Su kalla."

"Ciyawa kika zaɓa a kaina? Ciyawar da ko akuya ba ta ci?"

"In na mutu ka gina bene."

"Wallahi tsohon nan ya yi miki wani abu. Dama an faɗa."

"Kai dai ka ji tsoron Allah, ka bar wanda ke kabari."

Magini ya naɗe igiyarsa, ya ce shi ba ya shiga tsakanin ɗa da uwa. Direba ya tafi bai yi sallama ba. Wata biyar ke nan, sai dai ya aiko matarsa ta gaishe ta a tsaye. Matan layi sun rage kawo ɗinki. Ta ji ana ce mata Sarauniyar Kwaɗi a wurin niƙa. Tana yi wa ɗanta addu'a bayan kowace salla, kwanonsa na nan a kife inda ya saba, amma kujerar ba ta ɗauke ba.

Ba ta taɓa gaya masa dalili ba, don ta san dariya zai yi. Sati biyu kafin tsohon ya rasu, ya sa 'yarsa ta turo shi har bayan katangar. Rani ne, ba komai a wurin sai busasshiyar ƙaya da tsagaggiyar ƙasa. Matar tela ta fito da buta a hannu, tana cewa ko a ɗan yayyafa musu. Ya harare ta da idonsa mai lafiya har ta ajiye butar.

"Ke matar tela, kin fi su kunne, ba wai kin fi su hankali ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki share, kada ki sa taki, kada ki ba su ruwa da rani, kada ki nuna wa kowa don ya yaba. Ku mutanen layin nan alherinku ya fi sharrinku kisa. Ki ƙyale su kawai. Za ki iya?"