Zaman moto ya kashe mini aure, kuma ban yi da-na-sani ba

Assalamu alaikum edita da masu karatu. A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni matar aure ce a wani ɗan ƙauye da ke bakin kwari, ta hanyar Bune in ka fito daga Gure. Mijina yana da garka a cikin kwarin, albasa da tumatir da salati da ƴan itatuwan dabino. Shi ke ban ruwa, ni ke kai kaya kasuwar Gure in sayar. Na ɗan taɓa lakwal har na iya karatu da rubutu, amma abin da aka san ni da shi a garin shi ne kunya. Uwar mijina da ni take yi wa sauran matan gidan gori. Hijabina har ƙasa yake ja, ba na ɗaga ido in na wuce majalisar maza, in kuwa zan hau kabu-kabu, zama nake irin na matan kirki: a kaikaice, ƙafafu biyu a gefe ɗaya, hannu ɗaya a ƙarfen baya, ɗayan a kan robar kaya, ko rigar mai moton ba na bari jikina ya taɓa. In na ga ƴan matan asibiti sun ware ƙafa a kan moto, taɓe baki nake ina cewa boko ya cinye musu kunya.

Wanda bai san hanyarmu ba ba zai gane ba. Rairayi ne zalla tun daga ƙofar gida har ka iso kwalta. Moto rawa yake a cikinsa, mai tuƙi yana sauke ƙafa yana tokarawa, ke kuma kina baya kina lilo da kaya a cinya. Da an hau kwalta sai a saki wuta don a rama lokacin da yashi ya ci, ga manyan motoci suna wucewa iskarsu tana ture mutum. A ƴan shekarun nan motoci masu ƙafa biyu sun cika ko'ina, duk saurayin da ya sayar da ɗan maraƙi sai ya sayo nasa. Babu gidan da ba su san wata da ta taɓa faɗowa ba, wata ta karye, wata ta zubar da ciki. In an ji, sai a ce tsautsayi ne, a je a yi sannu, a dawo a hau yadda aka saba hawa.

Ranar da abin ya same ni da hantsi ne. Na goya ƴata, lokacin ko yaye ba a yi mata ba, na ɗora robar tumatir a cinya, na sa wani sabon hijabi mai yalwar yadi da nake ji da shi. Mai moton ɗan garinmu ne, magidanci, ba ya cikin masu ganganci. Mun wuce yashi lafiya. Muna hawa kwalta ya ƙara gudu, iska ta kwashi bakin hijabin ta cusa shi cikin wayoyin tayar baya. Ji na yi kawai an fizgo wuyana ta baya. Wadda ta zauna a kaikaice ba ta da abin da za ta maƙe moto da shi, don haka ta baya na tafi, kuma a bayan nan ƴata take. Moton ya ja mu a kan kwalta har yadin ya yage. Da na dawo hayyacina ban ji zafin wuyana ba, ban ga jinin da ke zuba ba, kunne kawai na kasa ina jiran kukan yarinyar. Ba ta yi ba. Mutane suka kwance goyon, na ga kanta ya langaɓe, idonta a juye. Har yau in yaro ya yi shiru da yawa a kusa da ni, sai in tashi in duba shi.

Daga asibitin Gure aka wuce da mu Damagaram. Mun daɗe a can. Zan faɗi gaskiya a kan mijina, don ba mugu ba ne: ya bar garka ta bushe, ya shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin da aka kwantar da mu, kuma na ga hawayensa da idona ranar da yarinyar ta buɗe ido ta kama nono. Allah ya bar mana ita, sai dai bugun da kanta ya sha ya bar mata farfaɗiya. Likita ya ce magani kullum ba fashi, kuma duk wata a kai ta Gure a duba ta a karɓo wani. Matar da ke wanke mini ciwon wuya ta tambaye ni yadda na zauna a kan moton. Da na gaya mata, ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce ta gaji da ɗinke mata irina, kuma wasu ba sa isowa hannunta ma.

Muka dawo gida, mata suka cika ɗaki da sannu. Kowa ya buɗe baki sai ya ce ƙaddara. Mai moton ya zo da dattawa, ya durƙusa yana neman gafara, na ce na yafe masa, don ban ga laifinsa ba. Ni musulma ce, na yarda da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Amma na yi ta jira ko mutum ɗaya zai ce a riƙa tattare hijabi, ko a sake yadda ake zama, babu wanda ya ce. Uwar mijina ma, don ta faranta mini, sai ta aiko mini da sabon hijabi, tsawonsa ɗaya da wanda ya shaƙe ni. Na karɓa na yi godiya, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Da wata ya cika aka kira moto. Na fito da goyo na hau a kaikaice yadda na saba, sai ranar haɗarin ta faɗo mini a rai tun kafin a tayar da inji. Na ce wa mai moton ya dakata. Na koma ɗaki, na ɗauki wandon mijina na sa a ƙarƙashin zane, na tattaro hijabin na ƙulle shi a ƙugu, na kwance yarinyar daga baya. Na fito na ware ƙafa na hau sosai, na zaunar da ita a gabana tsakanina da mai tuƙi, na rungume ta. Mai moton ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi abin kunyar. Haka muka ratsa gari, ta gaban masallaci, ta gaban masu shayi. A cikin yashi moton ya yi rawarsa yadda ya saba, ni kuwa ban motsa ba, ƙafafuna suna riƙe da shi ta kowane gefe. Sai na ji wani irin baƙin ciki ya taso mini, ashe tun farko abin bai wuce haka ba.

Kafin in dawo da yamma labari ya gama gari. Mata a bakin rijiya suka sa mini suna jandarma, in na doso sai wata ta ƙame ta sara mini, sauran su kwashe da dariya. Wannan bai dame ni ba, ni ma nakan sara musu in wuce. Wanda abin ya dama shi ne mijina. A majalisa aka fara tambayarsa ko wandon da ke jikinsa nasa ne ko na aro, kuma wa ke sawa in ranar zuwa Gure ta yi. Mutum ne marar yawan magana, ba ya iya ramawa, sai ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Ya roƙe ni in bari. Na ɗaga hijabi na nuna masa wuyana, inda fata ta tattare har yau, na ce in ya samo mini wata hanyar da zan kai ƴarsa asibiti in dawo da ita da rai, zan bi. Wata na biyu na sake hawa yadda na hau, na uku ma haka.

Sai wansa ya shiga maganar, shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Ya tara mu a zaure da uwarsu da limamin gari. Ya ce tun kakanninsu ba a taɓa ganin matar gidan nan ta hau abin hawa kamar namiji ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Na ce kakanninsu ba su hau moto ba. Uwar mijina ta ce haɗarin ya taɓa mini kai. Liman, Allah ya saka masa, ya faɗi abin da ya sani: ya ce muddin jiki a rufe yake kuma ga yarinya a tsakani, shi bai ga haramci ba, amma mace tana bin umarnin mijinta, don haka magana tana hannun mai gida. Wan mijin ya kawo shawarar amalanke. Na ce su lissafa wuni guda cikin rana da yarinya mai farfaɗiya a kan amalanken shanu, in ta faɗi a tsakiyar daji wa zan kira. Aka ce to uban ya riƙa kai ta. Na ce na yarda, in zai iya riƙe ta in ciwon ya tashi, in kuma zai iya ba ta nono. Duk suka juya suna kallon mijina. Na san shi, na san da mu biyu ne kawai da ya bar ni. Amma a gaban wansa da uwarsa, kansa a ƙasa, ya ce in na sake yin wannan hawan, kada in dawo masa gida.

Kwanakin da suka rage kafin ranar asibiti ban yi barcin kirki ba. Ina son mijina, ba zan ɓoye ba. Ina son ɗakina da na yi wa daɓe da hannuna, da garkar da muka tayar tare. Na gwada a raina in zauna a kaikaice sau ɗaya kawai a wata, in tattare hijabin sosai, in riƙe ƙarfe da kyau, ai dubban mata suna yi suna dawowa. Sai in tuna hannu biyu gare ni, ɗaya na yarinya, ɗaya na ƙarfe, kuma in ciwonta ya tashi a kan hanya duka biyun take bukata. Ranar na yi wanka, na dafa masa abin kari na ajiye. Yana zaune a ƙofar gida moto ya iso. Na sa wandon da na ɗinka wa kaina, don na daina taɓa nasa. Na hau a gabansa, na zaunar da ƴarsa, na ce masa sai mun dawo. Da muka dawo da la'asar na tarar an ɗaure kayana an jera a zaure, ƙanwar mijina tana tsaye a kansu tana kuka. Ban sauke yarinyar ba, na ce wa mai moton ya juya da mu Gure, gidan iyayena.

Mahaifiyata ma da farko ba ta goyi bayana ba. Ta ce mata sun haƙura da duka da yunwa sun zauna, ni zan kashe aure a kan zaman moto. Mahaifina ne ya dubi jikarsa ya ce a ƙyale ni. An zo biko sau biyu, kuma kowane zuwa da sharaɗin nan guda, ni ma amsata guda. Daga baya saki ya iso. Na ji tsohon mijina ya sake aure, ina yi masa fatan alheri, kuma ba na hana shi ganin ƴarsa in ya shigo gari. Yanzu ina da ɗan teburin kayan miya a kasuwa, kusa da inda ƴan kabu-kabu ke tsayawa. Duk matar da na ga za ta hau hijabinta yana reto kusa da taya, sai na yi mata magana, ko na san ta ko ban san ta ba. Wasu su tattare su yi godiya, wasu su ce bazawara ce ke neman abokan zawarci. Su faɗa, bakinsu ne.

Abin da wannan wahala ta koya mini shi ne, mutanen da ke auna miki kunya ba sa cikin motar asibiti in ana gudu da ɗanki Damagaram. Za su zo sannu, za su ce ƙaddara, su koma gida su ci tuwonsu. Da-na-sanin da nake yi ɗaya ne, shekarun da na yi ina dariyar matan da suka fi ni hankali. Ƴan'uwana mata, ban ce kowa ta kashe aurenta ba, na san zafinsa, har gobe ina jin sa. Amma ku tattare hijabinku ku ƙulle kafin a tayar da moto, ku sauke yaro daga baya ku sa shi a gaba, ku sa wando ku zauna yadda ƙafafunku za su riƙe ku. Ku kuma maza, in abokanku sun yi muku dariya a majalisa, ku bar su su yi, dariya ba ta fasa kan yaro. An ba ni zaɓi tsakanin ɗakina da ran ƴata, kuma ko yau aka sake ba ni, hawan nan zan yi. Ɗakin ya tafi. Yarinyar tana aji biyu a lakwal, kuma yanzun nan ta shigo tana tambayata me na dafa.