Abin da Inna Ta Kasa Faɗa a Gaban Ɗan Fari

Na yi shekaru a Alƙahira, abubuwa da yawa sun wuce har na manta yadda suka fara, amma akwai wata safiyar Laraba da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin aiki biyu nake yi. Na farko a ofishin wani kamfani ne a unguwar Maadi, mai ba mutane hayar mota na 'yan awoyi: ka buɗe ta da wayarka, ka yi uzurinka, ka ajiye wa wani. Motocin suna can ƙasashen Turai, mu kuwa muna nan da abin saurare a kunne muna amsa koke-koke. Faransancin da na koya a Maraɗi shi ya sama mini kujerar. Abin da ya zaunar da ni wurin shi ne kowa ke zaɓar awoyinsa. Sharaɗin ɗaya ne: abin da ka zaɓa yana wuyanka. In ka tashi ba wanda ya karɓe ka, sai a ƙwace maka zaɓin a ɗora ka kan lokacin da suka ga dama.

Aiki na biyu tafinta ne. Mutanenmu na Nijar da Najeriya suna zuwa neman magani, ni ke raka su asibiti ina juya Hausa zuwa Larabci. Wannan ba ya da lokaci, ciwo ba ya sallama. Shi ya sa nake riƙe da zaɓin nan kamar ƙwai a cokali.

A makon da abin ya faru wani Alhaji ɗan kasuwa ya kawo mahaifiyarsa aikin gwiwa, suka kama gida a unguwar Hadayek el-Maadi. Inna nake ce mata. Tsohuwa ce mai barkwanci, in muna mu biyu sai ta sa ni dariya har hawaye, tana cewa burodin Masar kamar faifai. Amma da Alhaji ya shigo sai ta ja mayafi ta juya fuska bango. Ɗanta na fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, "wancan" take ce masa. Na kuma lura ba ta yarda a sa zannuwanta a injin wanki, da kanta take wankewa a banɗaki duk da ƙafar, ta shanya su a ɓoye. Na ɗauka tsabtar tsofaffi ce.

Ganin likita na ƙarshe kafin aikin gwiwar ya faɗo kan awoyina na ofis. Alhaji ya ce kada in damu, ai yana jin Larabci daidai gwargwado, kuma uwarsa ce. Gaskiya na ji daɗi, don ban son roƙon canji.

Ina tsakiyar fama da wani Bature da ƙofar mota ta ƙi buɗe masa, sai ga saƙon Alhaji. Ya ce gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa, likita ya tambaye ta ko tana zubar da jini ta wani wuri, ta ce lafiya lau. Za a yi mata ƙarin jini, a shiga aikin da la'asar. Na buɗe wa Baturen motarsa. Sai zannuwan nan suka faɗo mini a rai. Wace uwa ce a garinmu za ta amsa wannan tambaya ta bakin ɗan fari? Ko wuƙa aka sa mata a wuya, lafiya lau za ta ce.

Na kira Alhaji, waya ba ta shiga. Na sa awoyina a inda ake neman mai karɓa, shiru kake ji. Shugabanmu ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, doka ba ta san asibiti ba. Tsoro ya kama ni sosai, don in zaɓin awoyi ya tafi aikin tafinta ma ya tafi, amma na fara tattara jakata.

Akwai wata Bamisiriya Kirista da ke zama bayana, uwar yara uku, tsakaninmu gaisuwa ce kawai. Ta gama nata aikin, har ta rataya jaka. Ta tsaya ta ji abin da nake gaya wa shugaban, sai ta aje jakar, ta zare abin sauraren daga hannuna.

"Yalla, tafi," ta ce. "Lahadi ki zauna mini, in je coci da yarana."

Na hau jirgin ƙasa na cikin gari, na ƙarasa da tuktuk, adaidaita sahunsu. Na tarar an riga an sa wa Inna rigar shiga tiyata. Na roƙi Alhaji ya ɗan ba mu wuri, ya fita ba musu. Na zauna bakin gadon na tambaye ta a hankali. Ta amsa tana murza bakin zanen gado.

"Ɗiyata, tun kafin azumi nake ganin jini, ni da na daina tun haihuwar autana. To in faɗa wa wa? Wancan?"

Na gaya wa likita a gabanta. Ya rufe fayil ɗin ya ce khalas, shi ke nan, yau ba aiki. Aka tura ta wurin likitar mata, aka gano wani tsiro a mahaifa, aka ce Allah ya sa an zo da wuri. Shi aka fara cirewa, gwiwa sai daga baya.

Da na fito na samu Alhaji a kan benci, na yi masa bayani a taƙaice, iya abin da ya kamata ɗa ya ji. Bai ɗago kai ba.

"Malama, ni na biya jirgi, ni na biya asibiti," ya ce. "Ashe ni ne kuma na tsaya tsakaninta da likita."

Na ce masa ba laifinsa ba ne, haka aka raine ta, mu ma haka aka raine mu. Ya share ido da hularsa, ya tafi neman mata ruwa.

Tun daga ranar ban ƙara barin mace ta shiga ɗakin likita da namiji nata a matsayin tafinta ba, ko da ya haddace ƙamus. Na koyi cewa jin yare daban, samun wanda za ka iya buɗe wa baki daban. In majinyaci ya ce lafiya lau, nakan fara duba wa ke tsaye a kansa.