Kunnen Ermete

Shekara arba'in Ermete Zaccherini yana zuwa tseren motoci a garin Imola na ƙasar Italiya, amma bai taɓa kallonsa da ido ba. Kowa ya hau tudun bayan shinge titi yake fuskanta. Shi kuwa sai ya kafa kujerarsa, ya ba titin baya, ya lumshe ido. Mota na fitowa daga kwana zai faɗi ko ta wane ce, silinda nawa gare ta, wani lokaci har ya ce wannan ba za ta kai ƙarshe ba. Kuma ba ta kaiwa. Bakaniken tarakta ne kawai, amma a tudun nan ko likita sai ya miƙo masa gurasar piadina kafin ya tambaye shi.

Sai aka rage girman injuna, aka haɗa su da batir, ƙararsu ta koma kamar ta injin wanki. Ermete ya fara kiran wannan da sunan waccan. Ya ce laifin motocin ne, an yanke musu harshe.

Amininsa Olindo, tsohon mai rabon wasiƙa, bai yarda ba. Ya ce da idonsa ya ga hayaƙi ya tashi a bayan kwanar nan ranar da wani direba ya yi mummunan haɗari, ya ga filin ya yi tsit, don haka gara motar da ba ta ihu in dai direbanta zai koma gida da ƙafarsa. Kullum a nan gardamar ke karkata.

"Tsoho, ba motocin ba ne," in ji shi. "Kunnenka ne ya yi ritaya bai sanar da kai ba."

Wannan magana ta fi komai ci wa Ermete rai, don in an ɗauke kunnen ba shi da wani abu a tudun. Sau uku matarsa Nives tana karɓo masa ranar ganin likita, sau uku yana cewa tarakta ta lalace a gonar wani.

Bana aka yi shelar za a fito da tsofaffin motoci shida su zaga kafin tsere. Ermete ya rantse zai jero su ɗaya bayan ɗaya. Ranar Lahadi mutane suka kewaye shi, ya juya baya, ya lumshe ido.

Motocin suka taso. Ƙasa ta yi rawa, kowa ya toshe kunne da yatsu, wasu tsofaffi na hawaye. Ermete bai ji komai ba sai wani guna-guni can nesa, duk iri ɗaya. Ta shida ta wuce, yana nan yana jira.

"Olindo, in an gama da waɗannan ƙananan ka taɓa ni."

Shekara goma Olindo na neman cin gardamar nan. Ya dubi mutane, kowa ya kau da kai.

"An ɗage fitowarsu, ɗan'uwa. Sai baɗi."

Ermete ya buɗe baki zai fara zagi, sai iska ta hauro tudun da warin tsohon mai da ƙonanniyar taya. Ba a yin wannan warin yanzu, kuma hancinsa lafiya lau yake. Ashe tsofaffin motocin ne suka wuce.

Can ya tashi, ya ɗaga kujerar, ya juya ta ta fuskanci titi kamar ta kowa.