Ranar da Kakata Ta Ga Dala

Akwai wata safiya a gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da yake gidan ma yanzu an rushe shi. Ita ce safiyar da za a yi wa kakata aikin ido.

Tana yarinya iyayenta suka baro Kano da ita a ƙasa, suka ratso Sudan har Makka, ba ta kuma sake komawa ba. Idonta ɗaya ya riga ya mutu, ɗayan kuwa likita ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye, ko aikin ya gyara shi ko ya ƙarasa shi. Ta shirya tsaf, yayana yana jiranmu da mota a gindin tudu, sai ta koma ta zauna a kan darduma.

"Kai mijin nan nawa, an ce jawwal ɗinka ya san kowane gari," in ji ta, tana nufin wayata. "Nuna mini Dutsen Dala kafin a taɓa idon nan."

Na buɗe shafin Kano a kundin sanin nan na intanet. Lokacin aikin Hajji ne, gari ya cika maƙil, intanet ta yi nauyi, ga wayata tsohuwa. Rubutu ya fara fitowa, gurbin hotuna kuwa fari fat. Ni kuma a lokacin ba ni da haƙuri ko na anini. Da na ga shiru sai in danna ya sake, ya fara, in sake dannawa. Na san idan muka fita ba ta gani ba, wataƙila shi ke nan.

Yayana ya gaji da oda ya hauro yana haki. Gyaran waya yake yi a titin Mansur, kallo ɗaya ya yi mini ya gane.

"Kalas, ya isa, cire yatsanka. Duk dannawar da ka yi baya kake mayar da shi. Shafin babban gari ne, ga hotuna, ga taswira. Ka ga ƙananan lambobin nan a jikin rubutu? Kowace ɗaya tana ɗaure da littafin da aka ciro maganar, suna can ƙasa jibge. Sai wayar ta jawo su ta jera kowa a wurinsa."

Kaka ta karkato kunne. "Wato kowace magana da wanda ya faɗe ta?"

"Haka ne, Sitti," in ji yayana, don haka muke kiranta.

"Ashe da shaidunsa yake tafe. To ku bar shi mana. Mu da muka taho da tsofaffi da yara, shekara uku muka yi a hanya."

Ta sa na ajiye wayar a kan dardumar, ta riƙe mini hannu kada in taɓa. Ban san minti nawa muka yi ba. Hotunan suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, har can ƙasa jan dutsen ya bayyana. Ta kai wayar daf da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Gidaje sun kusa haɗiye shi," ta ce a hankali. Ta ɗora yatsa a gefen hagu. "Ta nan mahaifiyata take shanya kaya." Sai ta miƙo mini wayar ta ce, "Yalla, mu tafi."

Aikin idon bai yi ba. Ta ƙara shekara huɗu a duniya ba ta gani, amma ban taɓa jin ta yi kukan idon ba. Labarin Dala kawai take ba baƙi, kamar jiya ta baro shi.

Har yau ina jin tsoro idan na tuna cewa da yatsana na kusa hana ta wannan kallo, alhali so ne ya sa nake ta dannawa. Daga ranar na koyi cewa abu mai nauyi ba a gaggauta shi, taimakon da za ka yi masa shi ne ka janye hannunka ka jira. Yanzu ko shafi ya tsaya mini ba na taɓawa, sai in ji kamar hannunta yana kan nawa.