Tururin Shayi Kofi Biyu

Shekarar da 'yata ta shiga jami'a ta kama karatun waƙoƙin mabiya addinin Buddha na zamanin nan. Ban hana ta ba, amma ina tsoron su raba ta da salla, su raba ta da ni.

Wata Asabar, a nan ƙasar waje da muke zaune, muna cikin jirgin ruwan tsibirin Staten Island za mu cefane unguwar Harlem, na ce ta fassara mini guda. Da Hausarta mai ɗingishi ta ce mai waƙar ta zuba shayi kofi biyu, nata da na wanda take jira. Da ta ga tururin ya haɗe a sama, sai ta daina jira.

Na ce, "To, wane ne saurayin?"

Ta tuntsire da dariya. "Haba Mama! Tsohuwa ce fa da ta keɓe don ibada, kanta a aske. Ba mutum take jira ba. Nufinta ita da abin da take jira dama ba a rabe suke ba."

"Ke me ya ja ki?"

"Shirun da kike yi bayan asuba. Ina so in san inda kike zuwa."

Washegari ina lazimi na ji ta shimfiɗa darduma kusa da tawa. Ban juya ba, na dai matsa mata.