Baffa Ya Ƙi Shiga Layin Agaji

"Ni? In tsaya a layi a ɗauke ni hoto da buhun shinkafa? Allah ya kiyaye!"

Baffana ke nan, ranar da wani kamfani ya kawo kayan agaji unguwarmu Rumde bayan ambaliya. Ruwa ya cinye masa ɗaki biyu da masararsa kaf. Amma mutumin da ya ciyar da 'yan gudun hijirar Mubi wata da watanni, shi za a kira da lasifika?

Na samu matar da ke jagorantar rabon, na ce, "Hajiya, dattijon nan Bafulatani ne. Ko yunwa za ta kashe shi, ba zai zo ba."

Sai ta ce wa mai hoto ya jira a mota. Ta biyo ni har zaurensa da buhun shinkafa, ta cire takalmi, ta durƙusa.

"Baffa, jaje muka zo. Ba a zuwa jaje hannu rabbana."

Ya dube ta, ya ce, "To 'yata, ba a mayar da hannun kyauta baya."

Shinkafar dai iri ɗaya ce, amma wannan ba ta taɓa mutuncinsa ba.

A unguwarku, dattawa nawa suka kwana da yunwa don sun kasa shiga layi?