Ƙoƙon Kan Da Na Sa Baki Aka Ɗauka

Ina koyarwa a wata firamare a Garwa lokacin da shugaban makarantar ya kira ni ofis ya haɗa ni da wani baƙo. Mai bincike ne daga ƙasar waje, wai yana auna ƙoƙon kan mutanen da don ya gano ta inda kakannin mutanen arewa suka ɓullo. Tafinta yake nema. Har murna na yi.

Muka tafi wani ƙauye a kan dutse, bayan Gider. Ni na zaɓi gidan, na wani tsoho manomin dawa wanda 'yarsa ke sayar da gyaɗa kusa da shagon mahaifina a kasuwa. Saboda ni aka shimfiɗa mana tabarma.

Tsohon Kirista ne, ba ya fashin coci, amma yana ajiye da ƙoƙon kan kakansa cikin tukunya a wani kogo, kamar yadda ya tarar ana yi. Da hannu biyu ya ɗauko shi. Baƙon ya fito da wani ƙarfe mai kama da awartaki, ya auna goshi, ya auna ƙeya, yana rubutawa. Tsohon kuwa ya shiga ba da labarin tasowarsu: kwarin da suka baro, rijiyar da ta ƙafe, ƙanin kakan da ya ƙi hawa dutse ya nufi Kayele. Ina cikin fassarawa baƙon ya ɗaga mini hannu.

"Bar wannan, tatsuniya ce. Ƙashin zai gaya mana."

Kunya ta hana ni mayar da wannan maganar cikin Hausa. Daga nan baƙon ya nemi aron ƙoƙon, wai babbar na'urarsa tana can ƙasarsu.

Na ce, "Baba, wata guda kawai yake so, zai dawo da shi."

Tsohon ya daɗe yana kallona. "Malam, shi ban san shi ba. Kai na sani. Zai dawo?"

"Zai dawo, Baba."

Damina uku ta wuce. Na rubuta wasiƙu har na gaji, ba amsa. Sai wata rana ga ɗan littafi cikin Faransanci ya iso makaranta. A tsakiyarsa akwai hoton ƙoƙon, an rangaɗa masa lamba da tawada a goshi. Babu sunan mai shi, babu sunan jikansa. Abin da duk awon ya haifar jimla ɗaya ce: mai yiwuwa mutanen sun fito daga gabas. Mai yiwuwa! Mutumin da ya lissafa masa zango bayan zango yana zaune a gabansa, ya ce a rufe masa baki.

Na hau dutsen da littafin. Tsohon ya kai hoton kusa da idonsa, ya shafa shi da yatsa.

"Wa ya yi masa rubutu a goshi?"

Ya miƙo mini littafin, ya sa aka kawo mini ruwa, ya koma gyaran rumbunsa.

Ya rasu a shekarar da ta biyo. 'Yarsa tana gaishe ni har yau, amma ta ɗauke farantin gyaɗarta ta koma can bakin ƙofar kasuwa. Mahaifina bai taɓa tambayata dalili ba.